Hokin ƙanƙara: ka riƙe yaran gida ko ka shiga kasuwa neman tauraro?

Kafin komai sai ka san cewa a gasar NHL ta Amurka da Kanada ba a kashe kuɗi yadda aka ga dama kamar a Firimiya. Tun 2005 akwai iyakar albashi, lokacin dala miliyan 39 ce ga kulob gaba ɗaya, a kakar 2024-25 ta kai miliyan 88. To duk tauraron da ka ba miliyan 11 a shekara, ka sani kuɗin 'yan wasa uku ko huɗu ne ka damƙa wa mutum ɗaya, kuma idan lissafin ya ƙi ba mai kulob ɗin da zai ciro kuɗi daga aljihu ya cece ka.

Zaɓi na farko shi ne gini da na gida, kuma Tampa Bay ce misalin da kowa ke kawowa. Stamkos sun ɗauke shi a zaɓen matasa na 2008 (inda duk shekara kulob-kulob ke ɗaukar sabbin yara bi da bi, zagaye-zagaye), Hedman 2009, Kucherov 2011 a zagaye na biyu ma, gola Vasilevskiy 2012, Point 2014 a zagaye na uku. A 2019 sun ci wasa 62, amma da aka zo zagayen neman kofi, wato wasannin fitar da gwani na ƙarshen kaka, Columbus ta fitar da su huɗu ba ko ɗaya, mutane suka yi ta ihu a wargaza tawagar, ba su wargaza ba, sai suka sayo Coleman da Goodrow, waɗanda ba taurari ba ne, ma'aikata ne masu araha, suka ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, a 2020 da 2021. Daɗin wannan hanya shi ne yaro sabon shiga albashinsa ƙanƙani ne a shekarunsa na farko. Amma fa tana cin lokaci, daga Stamkos zuwa kofi shekara 12 ke nan, kuma ba tabbas, Buffalo ta tara yaran da aka zaɓa a sahun gaba amma daga 2012 har 2025 ko zagayen neman kofi ba ta shiga ba.

Zaɓi na biyu kuma ka bi taurari. A nan ne nake so a nutsu, domin kasuwar iri biyu ce kuma mutane na haɗa su wuri ɗaya. Akwai ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare, yawanci ya kusa shekara 30, kulob-kulob suna rububinsa farashi na hawa, kai kuma abin da ya yi a baya kake biya. Minnesota a 2012 ta ba Parise da Suter dala miliyan 98 kowannensu na shekara 13, ba kofi, a 2021 ta sallame su kuma ta ci gaba da ɗaukar nauyin kuɗin a lissafinta shekaru bayan sun tafi, wallahi abin tausayi ga magoya baya. Toronto ma a 2018 ta kawo Tavares kan miliyan 77 na shekara 7, ɗan wasa ne na ƙwarai ba musu, sai dai a lokacin tana da Matthews da Marner da Nylander duk 'yan gaba, kuɗi suka taru a gaba, baya ta zama sai faci. Cikin shekarun nan bakwai sau biyu kacal suka tsallake zagayen farko na neman kofi.

Ɗaya kasuwar ita ce musaya, ka ba da naka ka karɓi matashi da ke kan ganiyarsa. Florida a 2022 ta rabu da Huberdeau wanda ya tara maki 115 a kakar (ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci), ta haɗa da Weegar, ta karɓo Matthew Tkachuk yana ɗan shekara 24. Da yawa sun ce ta yi wauta. Ta je wasan ƙarshe a 2023, ta ɗauki kofi a 2024 da 2025. Amma a lura, Barkov da Ekblad 'yan gida ne tun 2013 da 2014, Tkachuk ya tarar da tawaga a tsaye ne. Vegas kuwa ta fi kowa zafin nema, ta kawo Stone, Pietrangelo da Eichel, ta ci kofi a 2023, sai dai farashin ya haɗa da rabuwa da Suzuki wanda ya zama kyaftin a Montreal, da kuma gola Fleury da magoya baya ke matuƙar so.

Ni dai in ni ne manaja, ba zan taɓa kasuwa ba sai na duba ko ina da ɗan gaban tsakiya na ɗaya da mai tsaron baya na ɗaya da gola abin dogaro. In babu ko biyu daga ciki, ka riƙe damarka ta zaɓen matasa, kar ka sayar, ko da 'yan kallo na gunaguni. In akwai su kuma shekarunsu tsakanin 24 da 28, to lokaci ya yi, ka nemi wanda zai toshe gurbin da ya rage ta hanyar musaya, kuma ka tambayi shekarunsa a ranar da kwantiragin zai ƙare kafin ka tambayi ƙwallo nawa ya ci bara.