Camarón ko Paco de Lucía: wa ya fi sauya flamenco?

Ɗan'uwa, ka tambaya wa ya fi sauya kiɗan flamenco na Andalus, a kudancin Sifaniya: mawaƙi Camarón de la Isla ko makaɗin jita Paco de Lucía. Raba su da wuya, domin daga 1969 zuwa 1977 kusan duk shekara sai sun fitar da faifai tare.

Paco haifaffen Algeciras ne, a 1947. A da, yawanci mai jita rakiya yake yi wa mawaƙi, yana daga gefe. Paco ya jawo kujerarsa gaba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya sa jama'a suna sauraron jitar ita kaɗai. "Entre dos aguas" da ya fitar a 1973 ba ko baiti ɗaya a ciki, amma ya cika gidajen rediyo. Babban abin da ya bari shi ne cajón, akwatin katakon nan da ake zama a kai ana bugawa da tafin hannu. Daga Peru ya taho da shi. Yau da wuya a yi taron flamenco babu shi, har matasa na ɗauka gadon kaka da kakanni ne.

Camarón kuma ɗan San Fernando ne, an haife shi a 1950 cikin ƙabilar gitano, wato al'ummar Gypsy ta Sifaniya. Camarón laƙabi ne mai nufin jatan lande, kawunsa ne ya raɗa masa saboda farar fatarsa. Muryarsa a dishe take, sai ka ce wanda ya kwana kuka, amma ba ta taɓa kuskure kiɗa. A 1979 ya fitar da "La leyenda del tiempo", da baitocin Lorca, marubucin waƙoƙi ɗan Sifaniya, da jitar lantarki, har da sitar, abin kiɗa mai tsirkiya na Indiya. Wani makaɗi mai suna Tomatito ne ya riƙe masa jita, ba Paco ba. Dattawa suka ce wannan ba flamenco ba ne, faifan ma bai yi kasuwa ba a lokacin. Ciwon dajin huhu ya yi ajalinsa a 1992, yana ɗan shekara 41. Paco ya ƙara shekara 22 a bayansa yana zagaya duniya.

In dai sauyi kake nufi, ni Paco na ba: kayan kiɗan da zaman makaɗa duk sun canza ta dalilinsa. Sai dai in dare ya yi, Camarón nake kunnawa. Ka fara da faifansu na 1969, murya da jita da tafi kawai, sannan ka sa na Camarón na 1979.