Hattara da manhajar bashi mai cewa "duba nawa za ka samu"

Jama'ar Abuja, a yi hattara. Akwai wata manhajar bashi da tallarta ke yawo a Facebook, kuma ta riga ta ci ƙanena mai sayar da kayan waya a kasuwar Wuse.

Shi dai so ya yi ya ga ko nawa za su iya ba shi. Ya buɗe, sai ga ƙaton maɓalli kore, ga wani agogo a sama yana ƙirgawa wai garaɓasar saura minti biyu ta wuce. Wurin da aka rubuta "a'a" kuwa toka-toka ne, can ƙasa, sai ka ƙura ido. Yana dannawa kuɗi suka faɗo asusunsa: an rubuta masa bashin naira dubu 30, an turo dubu 21, a biya cikin kwana 7. Akwatin amincewa da a kwashi lambobin wayarsa ma da makinsa ya zo, ba shi ya sa ba.

A rana ta takwas suka tura wa surukarsa saƙo cewa ɓarawo ne. Surukarsa fa! Da ya kira su, amsa ɗaya ce: "Ai kai ka danna."

Wannan maganar ce nake so mu daina tsoro. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce shiru ba yarda ba ne, kuma akwatin da aka riga aka sa wa maki ba ya zama amincewa. Kamfanin ne ma zai kawo hujjar cewa ka yarda. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana yaudarar mai saye da ɗora masa sharuɗɗan zalunci, kuma tun 2022 hukumar ke tilasta wa masu ba da bashi ta intanet yin rajista. Google ma ya hana irin waɗannan manhajoji da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane tun 2023, shi ya sa waɗanda suka ci ƙanena suka turo masa manhajarsu ta WhatsApp. A Amurka, irin wannan wasa da maɓallai ya sa hukumar FTC mai kare masu saye ta tilasta wa kamfanin wasannin bidiyo Epic Games mayar wa mutane dala miliyan 245.

Ban ce za a share maka hawaye gobe ba, shigar da koke a ƙasar nan sai mai haƙuri. Amma wanda abin ya shafa kada ya goge manhajar kafin ya ɗauki hoton kowane shafi, da saƙonnin barazanar, da shaidar kuɗin da suka shigo. Ya shiga saitin waya ya janye izinin lambobi, sannan ya kai koke FCCPC da hukumar kare bayanan jama'a NDPC, dukkansu suna nan Abuja.

Ƙanena ya mayar musu da dubu 21 ɗinsu, ya ajiye rasit, mun shigar da koke. Surukar ce har yanzu ba ta amsa gaisuwarsa da kyau.