Photopea da ɓoye fuskokin 'yan gudun hijira a hoto

Duk mai aikin tallafi a Gusau ya san rigimar hoto. Masu ba da gudummawa suna son ganin inda hatsinsu ya shiga, ita kuwa baiwar Allah da ta baro ƙauyensu a Maru ko Tsafe saboda 'yan bindiga ba ta son fuskarta ta yi yawo a Facebook. Kuma tana da gaskiya, domin masu kai wa 'yan daji rahoto suna nan cikin gari. Shi ya sa hoton rabon kaya ba ya fita daga hannuna sai na dusashe fuskoki, da Photopea nake yi.

Shafi ne na kyauta da ake buɗewa a Chrome ko Firefox, babu sauke manhaja, babu rajista. Ivan Kutskir, wani matashi a ƙasar Cek, shi ya fitar da shi a 2013. Abin da ya zaunar da ni a kansa shi ne hoton ba ya barin kwamfutarka, a cikinta ake aikin. Wasu shafukan sai ka ɗora musu hoton tukuna su gyara su dawo maka da shi, ni kuwa raina bai kwanta da aika fuskar marayu inda ban sani ba. Ga shi da zarar shafin ya buɗe, ko netwok ya ɗauke aikinka na tafiya.

Yadda nake yi: in zagaye fuskar, in shiga Filter, sannan Pixelate, sai Mosaic, in ja ma'aunin har fuskar ta koma manyan murabba'ai kamar gidajen dara. A nan ake sakaci. Idan murabba'an ƙanana ne, ja da baya kaɗan daga allon, za ka ga mutumin ya fito sarai, har tsagar kumatunsa. Kuma fuska ba ita kaɗai ke tona mutum ba. Zanen da mace ta ɗaura, ƙofar makarantar da suka fake, lambar babur a gefe, duk ɗan garinsu zai gane.

Rubutu kam kada ka yarda da wannan dabara. A 2022 kamfanin tsaron intanet Bishop Fox ya fitar da Unredacter, manhajar da ke dawo da rubutun da aka dusashe haka. Lambar waya, lambar NIN, sunaye a takardar rabo, baƙin akwati nake ɗora musu, in fitar da hoton a JPG don kada a iya ɗaga akwatin.

Inda ya gaza: ba ya gano fuska da kansa, hoton mutum talatin sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Talla ta cinye gefen dama na allon, maɓallan sun yi wa sabon shiga yawa, tsohuwar kwamfuta kuma tana nauyi idan hoton babba ne. Duk da haka shi nake nuna wa abokan aikina.