Sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Gusau: ma'aurata su je tare

Ga gidan da tashin hankalin 'yan bindiga ya hana barci har faɗa ya yi yawa, wannan sashe ya cancanci zuwa. Likita kan fara tambayar barci, cin abinci da faɗuwar gaba. Damuwar da ta wuce mako 2 ita ake dubawa. Gara maigida da uwargida su shiga tare, domin wani kan ɓoye abin da ɗayan ya gani.

Maganin damuwa irin fluoxetine sai ya yi mako 2 zuwa 4 kafin a ji sauƙi, nan mutane ke yar da shi. Yakan rage sha'awa kuma. A gaya wa likita, kada zargi ya shiga tsakani. Layi na da tsawo, a yi sammako.