Koko ko tatsattsen nono: wanne za a ba jaririn da ya ƙi mama?

Da ɗana ya tashi daga zazzaɓi yana wata 4, sai ya ƙi kama mama. Surukata a unguwar Aboabo da ke Kumasi ta ce, "'Yata, sayo koko ki ɗura masa." Na fahimce ta, koko na nan kowace safiya a bakin titi, ga araha, ga cika ciki. Amma kokon Kumasi da citta da kanumfari da barkono ake dama shi, kuma jaririn da bai kai wata 6 ba nono kaɗai yake buƙata. Ɗura kuma tana iya shaƙe yaro.

Tatsa ta fi wahala, ba zan ɓoye ba. Nakan wanke hannu, in tatsa a ƙaramin kofi, in zaunar da shi a cinyata, in kai bakin kofin leɓensa yana lasa da kansa. A zafin garinmu ba na barin nonon ya wuce awa 4. Tatsar ce ta hana ruwan nonona ƙafewa.

Ashe hancinsa ne ya toshe. Da ya buɗe, ya koma mama. Da a ce fitsarinsa ya ragu ko jikinsa ya saki, asibiti zan nufa a ranar.