Kwayar ta yi ƙoƙari, amma mai organ ya so ya cinye wasan shi kaɗai

Jiya da yamma ƙawata ta ja ni zuwa taron waƙoƙin ibada da kwayarsu, wato ƙungiyar mawaƙansu, ke shiryawa duk bazara, ni dai na bi ta ne don kar ta ce na ƙi, ashe zan dawo gida ina ta surutu a kai.

Da organ, wani babban abin kiɗa mai madannai, aka buɗe, kiɗan nan mai suna Toccata da Fugue na mai tsara kiɗa Bach wanda kowa ya taɓa ji ko bai san sunansa ba. Kuma ba irin kibod ɗin da ake jonawa a soket ba ne fa, wannan mai bututu ne, iska ake turawa cikinsu, mutumin hannu biyu na aiki ƙafafunsa ma suna taka nasu madannan a ƙasa, idan ya taka mai kaurin nan sai ka ji benci na rawa a ƙarƙashinka. Wallahi a ƙirji na fara jinsa kafin kunne.

To nan kuma matsalar take. Da aka zo waƙar Hallelujah ta mai tsara kiɗa Handel duk muka miƙe tsaye kamar yadda aka saba, ina ganin 'yan soprano, masu siririyar murya, suna ta buɗe baki amma kalmomin sun nutse, maza masu bass, wato murya mai kauri, kuwa sai dai a ce Allah ya ba da lada. Ga zafi a ɗakin, kuma zafi na sa sautin bututun ya ɗan haura, shi ya sa wasu wurare muryoyin da organ ɗin kamar ba su shirya ba.

Inda suka kashe ni shi ne waƙar Ave verum corpus ta mai tsara kiɗa Mozart, wadda ya rubuta a watan Yunin 1791, kusan wata shida kafin ya rasu. Gajeruwa ce, ba ta wuce minti uku da ɗan wani abu ba, mai organ ya sassauta sosai, muryoyi huɗu suka hau juna a hankali kamar numfashi ɗaya suke ja, ɗaki ya yi tsit har mai tari ya haƙura. Tsigar jikina ta tashi, ba wasa.

Takardar shirin kam sun gaza, waƙa da Latin amma ba fassara ko layi ɗaya. Benci ma ya ci min baya.

Baɗi in Allah ya kai mu zan koma, amma can baya zan zauna nesa da bututun, kuma na riga na ce wa ƙawata ta roƙi malamin organ ɗin nan ya ɗan rage hannu.