Asibitin Ingila ga baƙo: ƙofa kyauta, gado da kuɗi

Assalamu alaikum, mutanen gida. Tambayar da ta fi yawan zuwa mini nan Birmingham ita ce: in an kawo Hajiya ko Baba ziyara, da gaske ne za a duba su kyauta a asibitin gwamnati? Da gaskiya a ciki, amma ba duka ba.

Hukumar lafiyarsu, NHS, tun 1948 take aiki da kuɗin haraji, kuma mazauna ƙasa aka yi wa ita. Mu da muka zo da bizar aiki ma sai da muka biya kuɗin lafiya tare da biza, wanda yanzu ya kai fam 1,035 a shekara, ɗalibai kuma fam 776. Mai bizar ziyara ba ya biyan wannan, don haka lissafinsa daban ne.

Ganin likitan unguwa kyauta ne ga kowa. Haka ma sashen gaggawa: ba mai cewa a yanki kati, ba mai aiken ɗan rakiya ya sayo safar hannu ko ledar ƙarin ruwa kafin a taɓa majinyaci. Nan kam sun fi mu, ba gardama. Sai dai a zo da haƙuri, domin in ciwon bai yi tsanani ba, mutum na iya shafe rabin dare a kan kujera.

Inda ake shammatar mutanenmu shi ne gado. Da zarar an ce a kwantar da baƙo, ko an ba shi ranar ganin ƙwararren likita, lissafi ya fara, kuma ana cajinsa ninki ɗaya da rabi na farashin aikin. Abin da ba na gaggawa ba, tun 2017 sai an biya kafin a yi. Haihuwa ba sa korar mace, amma takardar bashi za ta biyo baya. Kada a ce ai an koma gida, magana ta mutu: bashin da ya kai fam 500 aka yi wata biyu ba a biya ba, ana kai sunan mai shi ma'aikatar cikin gida, kuma yana iya hana shi biza nan gaba. Tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro da ƙanjamau dai kyauta ake maganinsu, don gudun yaɗuwar cuta.

Kemis ɗinsu kuwa ba irin namu ba ne da za ka faɗi sunan kafso a miƙo maka. Magunguna da yawa sai da takardar likita. Saboda haka in Baba na shan maganin hawan jini ko na sukari, a haɗo masa wanda zai ishe shi har ya koma, a cikin kwalinsa, tare da takardar likitansa. Inshorar tafiya kuma a yanke ta tun a gida, a faɗa musu ciwon da yake da shi, don in an ɓoye ba za su biya ba.